Alayyahon Nan Ba Na Bola Ba Ne

Ɗiyata, ajiye wannan kwanon, zo nan. Alayyahon da kike shirin zubarwa lafiyarsa ƙalau, yaushi kawai ya yi don ƙishirwa. Kuma ke kika jawo masa. Tun hantsi yake ɗaure cikin baƙar leda kusa da murhu, a bazarar Sakkwato da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Wani bawan Allah ya yi sammako ya yanko shi a fadamar Kwalkwalawa, bakin Gulbin Rima, maigidanki ya tsaya a Kasuwar Daji ya biya kuɗinsa, ya ɗauko har Tudun Wada. Haba, ba a yi wa abinci haka.

Ɗauko wuƙa ki datse gindin kowane kara kaɗan, domin bakin da ya bushe ba ya jan ruwa. Ki kamfato ruwan randa mai sanyi a roba, ki nutsar da ganyen duka, ki kai inuwa. Kafin ki gama jajjage, kamar rabin awa, za ki ga ya miƙe, karan yana karyewa ƙas a hannunki. Haka latas da lawashi. Karas ya fi taurin kai, sai ya sha awa ɗaya ko biyu.

Kada ki saka gishiri a ruwan jiƙon. Na san kuna yi don tsoron ƙwari, amma gishiri tsotse ruwan ganye yake, sai ya ƙara laƙwasa. Wankin gishiri sai daf da yankawa, ki ɗauraye nan take. Kuma kada ya kwana a ruwa. Wanda ya yi rawaya, yana yauƙi yana wari, wannan kam ya wuce, ki tsince shi ki fitar.

Gobe in cefane ya shigo, ki kwance ledar tun a bakin ƙofa, ki naɗe ganyen a jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta, ki jingina da randa. Kada ki ce min babu wuta firji bai yi sanyi ba. Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ƙaramar tukunyar ƙasa ya saka cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa yin kwanaki, har ya karɓi lambar yabo ta Rolex a 2000. Akwai tukwane biyu a bayan ɗakina, ki tura yaro ya ɗebo yashi.