Shin Haƙƙin Maƙwabci Yana Ƙetare Iyaka?

Wata rana cikin damina ta shekarar 2023 muna koyar da darasin tarihi a aji biyar, mun zana taswirar Afirka ta Yamma a allo, muna bayanin ƙungiyoyin da ƙasashe kan kafa don taimakon juna, sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, kakata tana wani ƙauye kusa da Matamai, an ce ba ta da lafiya, kuma an rufe Kongolam. To ita me ta yi wa ECOWAS?" Ajin ya fashe da dariya, mu kuwa muka yi abin da malami ya saba yi idan tambaya ta fi ƙarfinsa, wato muka ce ba ta cikin manhaja. Tun daga ranar tambayar ba ta bar mu mun sake ba, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo ta gaban 'yan'uwa marubuta, ko a samu wanda zai taya mu juya ta.

Babu Bahaushen da za a koya wa haƙƙin maƙwabci. Idan wutarka ta mutu gidansa za ka aika a ɗebo, idan an yi masa rasuwa kai ne mai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kuma ko kun yi faɗa da safe ba ka da ikon toshe masa kwata da yamma. Abin tambaya shi ne, wannan haƙƙi yana hawa kan ƙasa kamar yadda yake hawa kan mutum? Masu ilimin hulɗar ƙasashe da yawa sun tafi a kan cewa a'a. A ganinsu gwamnati wakiliya ce, amanar 'yan ƙasarta kaɗai aka damƙa mata, saboda haka duk alherin da za ta yi wa na waje dole ya zama jari ne da zai dawo da riba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma mai yiwuwa tana zama daidai ga wanda ke kallon iyaka a taswira daga Abuja. Mu da muke zaune a ƙasar Daura, muna cin kasuwar Mai'adua da mutanen Magarya da Kance, ba ta shiga mana kai da sauƙi.

Dalili kuwa, mun san shekarun layin nan. Bayan jihadi, lokacin da Malam Ishaku ya karɓi Daura wajen 1805, gidan sarautar Haɓe ya fita ya kafu a Zango da Baure, har Zango ta zauna ƙarƙashin inuwar Damagaram. Ingila da Faransa ne suka zauna a Turai suka yi ta ciniki a 1898 da 1904 da 1906, sannan suka turo ma'auna suka bi daji suna kafa turaku tsakanin 1906 da 1908. A cikin wannan rabo ne aka dawo da Malam Musa daga Zango aka naɗa shi Sarkin Daura a 1904, wasu garuruwa kuma suka faɗa hannun Faransa. Ke nan akwai itatuwan kuka a gonakinmu da suka girmi iyakar Nijeriya da Nijar nesa ba kusa ba.

To amma fa kada daɗin baki ya kwashe mu. Mun ji masu jawabi a taro suna cewa kafin zuwan Turawa Hausawa tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya. Wanda ya karanta tarihi ya san ba haka ba ne. Dawakin Damagaram sun sha kai hari ƙasar Kano, Maraɗi ta shekara da shekaru tana gwabzawa da Katsina, an ƙone garuruwa, an kama bayi, kuma duk masu yin haka harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya. Jini da harshe ba su taɓa hana yaƙi ba. Saboda haka duk mai raina takardun da shugabanni ke sa wa hannu, yana cewa zumuncinmu ya ishe mu, bai yi wa takardun adalci ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971, da ƙungiyar ECOWAS da aka kafa a Legas a watan Mayu na 1975, da yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 wadda ta ba ɗan ƙungiyar damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, su ne suka mayar da abin da da alfarma ce ya zama haƙƙi. Falke na da yana biyan kuɗin fito a kowace ƙofa, yana roƙon Allah ya raba shi da 'yan kwanta. Jikansa yana da takarda a aljihu, ko da yake, kowa ya sani, takardar ba ta cika hana shi sa hannu a ɗaya aljihun ba idan ya zo shinge.

Sau uku a rayuwarmu aka rufe wannan ƙofa. An rufe a 1984, aka kuma yi rashin sa'a abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. Ta ukun ita ce ta yaron nan. Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, aka tsayar da ciniki, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita, har aka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar yaƙi.

Ya kamata mu saurari hujjar masu takunkumi da kunnen basira, domin ba mahaukata ba ne. Suna cewa alkawari kaya ne. Ƙasashen nan sun sa hannu a Dakar a 2001 cewa ba za a amince da duk wanda ya hau mulki da bakin bindiga ba. Idan aka karya alkawarin aka kuma yi shiru, gobe wani soja a wata ƙasa zai ga ƙofa a buɗe. Suna kuma da misali, domin matsin ƙungiyar ne ya fitar da Yahya Jammeh daga Gambiya a 2017 bayan ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka. Har ma za su iya juya mana namu misalin, su ce maƙwabcin kirki ba ya naɗe hannu yana jin ihu ta bayan katanga. (Ba za mu tsaya kan cewa Gowon da Eyadema da suka yi ɗawainiyar kafa ƙungiyar, da Kunce da ke mulkin Nijar a lokacin, duk da kaki suka hau ba. Wannan zance ne na wata rana.)

Mun yarda da rabin farko na maganarsu. Juyin mulki ƙwace ne, kuma kasancewar jama'a sun fito titi suna tafi bai mayar da shi halal ba. Inda muka rabu da su shi ne wajen bulalar da aka zaɓa. Addininmu da al'adarmu sun haɗu a kan cewa ba a kama wani da laifin wani. Takunkumin da ya rufe asusun janar, ya hana shi da iyalinsa hawa jirgi, ya sauka a kan mai laifi. Wanda ya yanke wuta ya tsare motar magani kuwa, janar yana da janareta, yana da likita. Mai jego a asibitin Zinder ce za ta haihu a hasken tocila. Abin da ya fi damunmu ma shi ne, wahalar talaka a irin wannan tsari ba kuskure ba ce da aka yi a kan hanya, ita ce dabarar kanta. Ana so ne ya ji jiki har ya tashi ya tunkuɗe masu mulkinsa. Wato an mayar da mutum sanda, ana dukan wani da shi, ba a kuma nemi izininsa ba. Ko a unguwa, idan maigida ya yi laifi aka hana 'ya'yansa ɗiban ruwa a rijiya don su matsa masa, dattawa ba za su kira wannan hukunci ba.

Za a ce mana to ai bai yi aiki ba ma, tunda an janye takunkumin a Fabrairun 2024, sojoji ba su sauka ba, kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Gaskiya ne, kuma ba sabon abu ba ne, Amurka ta sa wa Kuba irinsa tun 1962 gwamnatin ba ta faɗi ba. Amma mu ba ma son mu jingina da wannan hujja, domin tana nufin da ya yi aiki da shi ke nan. Ko da a ce sojojin sun miƙa mulki cikin wata guda, da sauran bayani game da wanda ya rasa ransa a cikin watan.

Haƙƙin kuma ba a wuyan gwamnati kaɗai yake ba. Masu mulkin Yamai da suka fice daga ƙungiya ba su tambayi ɗan cirani mai sayar da shayi a Kano ko mai kawo raƙuma Mai'adua ba, alhali takardarsa ce suka jefa cikin kokwanto. Mu ma na bakin iyaka ba mu fita ba. Mun san hanyoyin da jarkokin fetur ke bi da dare, mun san ba shinkafa kaɗai ke shigowa ta nan ba, kuma mun yi shiru saboda mai babur ɗin ɗan wanmu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani abin lura shi ne waɗanda aka buɗe wa ƙofa lokacin da jakadu suka rasa ta shiga. Ayarin farko na ECOWAS ya juyo daga Yamai bai ga Janar Tchiani ba. Cikin 'yan kwanaki sai ga Muhammadu Sanusi II tare da Sarkin Damagaram zaune a gabansa, bayansu kuma ayarin malamai. Haka nan ranar 15 ga Yulin 2025, da aka kawo gawar Muhammadu Buhari za a rufe a nan Daura, firayim ministan Nijar Ali Lamine Zeine yana cikin masu jana'iza, wata shida kacal bayan ƙasarsa ta bar ƙungiyar, kuma mamacin shi ne wanda ya rufe musu iyaka har sau biyu. Shi ɗin ne kuma ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura a 2021, ya sha suka daga masu cewa me ya kai kuɗin Nijeriya wata ƙasa. Mun rasa a wane babi na littafin hulɗar jakadanci za mu sa wannan ta'aziyya.

Mu marubuta ma da ɗan laifinmu. Jaruman littattafanmu sun sha hawa jirgi zuwa Landan da Dubai, amma da wuya ka ga wanda ya hau motar Kongolam, alhali labari yana nan jibge: auren da aka ɗaura a Nijeriya aka kai amarya Nijar, gonar da turakun Turawa suka raba biyu, mai canji da ke riƙe da naira a hannun dama sefa a hagu.

Shi dai yaron nan bai jira amsarmu ba. Ranar Juma'a ya hau babur ta cikin gonaki, ya biya ninkin kuɗin da aka saba, ya je ya gano kakarsa. Bai dawo ba sai Laraba, mu kuma muka rubuta masa fashin kwana biyu a rajista.