Ba Dole Sai Ka Zama Na Ɗaya Ba

Tun muna ƙanana ake cusa mana son gaba. Yaro ya kawo sakamakon jarrabawa gida, tambayar farko ita ce na nawa ya zo. Da wannan tambaya muke girma, mu kai ta kasuwa da ofis da gidan biki, yanzu har cikin waya, inda kowa ke nuna motarsa da gidansa. Sai mutumin da ke cin halalinsa, wanda sunansa bai wuce unguwarsu ba, ya riƙa ganin kamar ya yi asarar rayuwa. Ina tunatar da kaina, ina tunatar da kai ɗan'uwa: mu dubi inda na gaban suka ƙare.

Mansa Musa ya tafi hajji a 1324, ya yi ta rabon zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi. Yau babu ko ƙwaya ɗaya a hannunsa. A Kano an jera buhunan gyaɗa har suka zama dala, baƙi na zuwa kallo. Alhassan Ɗantata, babban attajirin wannan ciniki, ya rasu a 1955, dalar ma daga baya ta ɓace. Muhammad Ali ya riƙe kambun damben duniya sau uku, amma a 1996 duniya ta ga hannunsa yana karkarwa wajen kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta, a 2016 kuma ya amsa kira. Sarki Abdullahi na Saudiyya ya rasu a Janairun 2015, a ranar aka sallace shi, aka sa shi a kabarin da ba a rubuta suna ba a maƙabartar Al-Ud ta Riyad. Gaskiyar magabata ce, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Sai mu dubi Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman da ya zauna yana hidimar mahaifiyarsa, mutanensa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Sayyidina Umar ya nemi ya roƙa masa gafara. Da suka haɗu, Umar ya so ya rubuta wa gwamnan Kufa takarda a kansa, Uwaisu ya zaɓi ya saje da talakawa.

Wannan magana ba ta ba kowa izinin lalaci ba. Manomi ya gyara gonarsa, malami ya koyar tsakani da Allah, ɗalibi ya dage da karatu. Abin gudu shi ne zuciyar da ba ta samun barci sai ta ga kowa a bayanta. Ita ke sa a ci bashi don bikin kece raini, ita ke haifar da hassada, ita ke sa mutum ya rasa lokacin gaida tsohuwarsa. Wanda ya yarda wani lokaci ya tsaya a tsakiya yakan samu abin da masu tsere suka rasa: natsuwa a sallah, hira da 'ya'yansa, barci babu fargaba. Idan gasa ta zama dole, a yi ta wajen aikin alheri, wanda sau da yawa babu mai ganinsa sai Allah.

Ƙuruciya tana wucewa. Ƙarfi yana ƙarewa. Dukiya magada za su raba, suna kuma bakin da ya yabe shi ne zai manta da shi. Da na ɗaya da na tsakiya da na ƙarshe, wanka ɗaya za a yi mana, farin likkafani ɗaya, a ɗauke mu a makara. Can ba za a tambaye mu wa muka fi ba. Za a tambaye mu me muka aikata, kuma don wa.

Kwanakin kaɗan ne. Mu rage gudu. Mu gyara niyya.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya sa mu cika da imani.