Shin Ƙidayar Mamata Jayayya Ce Da Ƙaddara?

A 1842 wani jami'in gwamnatin Ingila, Edwin Chadwick, ya fitar da rahoto kan rayuwar talakawan birane. Ya nuna cewa a birnin Liverpool, idan aka yi tsaka-tsakin shekarun mamata, gidajen masu hali suna kai 35, na leburori kuwa 15 kacal. Ba wai lebura yana mutuwa yana ɗan shekara 15 ba ne. Yaran unguwarsu ne ke mutuwa tun suna goye, su ja lissafin ƙasa. Da aka tsaya tambayar shekarun kowane mamaci, sai idanu suka koma kan ruwan sha, magudanai da cunkoson ɗakuna.

Mu fa? A aikina na rediyo ina karanta sanarwar rasuwa kusan kullum: Alhaji wane a Zangon Paraku, Hajiya wance a Jugu, da jerin 'ya'ya da jikoki. Da wuya a kawo mini ta jariri. Akan rufe shi kafin azahar, a ce wa uwar ta yi haƙuri, Allah Ya ba da mai amfani. Alhali binciken lafiya na ƙasar Benin na 2017 zuwa 2018 ya nuna yara 96 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar, kuma zazzaɓin cizon sauro na kan gaba wajen ɗauke su.

Wasu dattawanmu na ganin ƙirga mamata rashin tawakkali ne, tunda wanda kwanansa ya ƙare ba mai tsare shi. Ina girmama wannan magana, domin ita ke sanyaya zuciyar uwa ranar makoki. Amma wurinta bayan mutuwa ne. Kafin nan akwai gidan sauro, akwai asibiti, akwai allurar rigakafin zazzaɓin da Benin ta fara yi wa yara a Afrilun 2024. Sayyidina Umar ma ya juyo da tawagarsa da ya ji annoba ta sauka a Sham, kuma ba wanda ya fi shi sanin ƙaddara.

A ganina, rubuta sunan jariri da watanninsa haƙƙinsa ne a kanmu, shaida ce cewa mutum ne ya zo ya koma. Idan liman ko mai unguwa ya riƙe littafi ɗaya na shekara guda, zai ga watan da aka fi haƙa ƙananan kaburbura, ya kuma san lokacin da ya kamata ya tara iyaye.