Ƙaramin Jari a Hannun Ɗan Caca

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, garin ya zama makarantar koyon juya kuɗi. A nan dogo ya ƙare, saboda haka a nan gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zurmi da Shinkafi su kan taru kafin a loda su zuwa Gusau da Zariya, har bakin teku. Mutane da yawa sun shiga wannan ciniki da 'yan suloli kaɗan. Waɗansu sun ɗore har sun gina gidaje sun aurar da 'ya'ya, waɗansu kuwa kaka ɗaya ta ishe su karyewa. Dattawan kasuwa sun daɗe da gane abin da ya kan raba su, watau sanin bambancin uwar kuɗi da riba. Riba a kan ci, uwar kuɗi kuwa tsaronta a ke yi kamar yadda manomi ya ke tsaron iri.

Ciniki ya sāke kama tun daga wancan zamani. Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba ta zama kasuwa da banki a aljihun kowane saurayi. Tare da alherinta ta zo da caca, wadda dā sai an je lungu an shimfiɗa tabarma. Wadda ta fi yaɗuwa a ƙasar nan ita ce cacar ƙwallon ƙafa. Amma akwai wata ta karta, a na kiranta poka, wadda ta cancanci a tsaya a kanta, don masu yinta sun fi sauran 'yan caca da'awar hankali da lissafi.

Ga yadda gasarta ta ke. Kowane mai shiga ya kan biya kuɗi daidai da na kowa, a ba shi ƙwayoyin wasa daidai da na kowa. Wanda nasa suka ƙare ya fita, a yi ta bugawa har saura mutum ɗaya. Kuɗin da aka tara a kan raba su ga kimanin mutum 15 cikin kowane 100, watau waɗanda suka fi daɗewa, kashi mafi tsoka kuwa na 'yan ƙalilan ne da suka rage a ƙarshe. An fara buga ta da kuɗi ta intanet a 1998. A 2003 wani akawu a Amurka, Chris Moneymaker, ya shiga wata ƙaramar gasa da abin da bai kai dala 100 ba, ya sami gurbi a gasar duniya ta Las Begas, ya cinye ta cikin mutum 839, ya tafi gida da dala miliyan biyu da rabi. Labarinsa ya ja dubban masu ƙaramin ƙarfi cikin wasan, kowa yana ganin gobe shi ne.

Waɗanda suka daɗe cikin wasan nan sun fitar da wata ƙa'ida. Sun ce mutum ya ware kuɗin wasa dabam da kuɗin cefane, sa'an nan ya kasa su kashi ɗari ko fiye, kada ya sa abin da ya wuce kashi ɗaya a gasa guda. In kuɗin sun ragu, ya sauka zuwa gasa mai araha, kada ya hau mai tsada don neman mayar da hasara. Dalilinsu kuwa lissafi ne mai sauƙi. In mutum 15 ne cikin 100 su ke samun wani abu, to, ɗan wasa matsakaici da ya zauna buga gasa goma, sau ɗaya cikin biyar zai tashi bai sami ko kwabo ba. In ashirin ya buga, wannan ya kan faru kamar sau ɗaya cikin 25. Wanda ya kasa kuɗinsa kashi goma kawai, irin wannan fari guda ya isa ya share shi, ko da kuwa gwani ne. Mai kashi ɗari shi ne zai ga bayan farin.

Tambayar da ta taso ita ce: wanda ya riƙe wannan ƙa'ida da gaske, bai taɓa kuɗin gida ba, bai bi fushi ba, ya fita ke nan daga sahun 'yan caca ya shiga sahun 'yan kasuwa? Ba tambayar wasa ba ce, gama saurayin da ya amsa ta da i zai ba abin ƙuruciyarsa da ɗan abin da ya tara, yana ganin sana'a ya ke koyo.

Da fari dai dole a ba ƙa'idar hakkinta, don gaskiya ce. Manomin ƙasar Zurmi ya san ta tun kafin a ƙago karta ta waya. Ba ya shuka abu ɗaya a gona; ya kan haɗa gero da dawa da wake, in yana da fadama ya ƙara da shinkafa, don in wani ya ƙi wani ya yi. Farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗar Arewa a 1975 sun nuna amfanin haka, domin wanda ya dogara ga gyaɗa kaɗai ya fi kowa jin jiki. Kuma kome tsananin bazara, mai hankali ba ya kai daman iri turmi. Haka ɗan kasuwar da ya ke cin kasuwar Shinkafi ran Alhamis ba ya zuba duk jarinsa a kan sa guda, alhali kuɗin za su saya masa awaki da dama, waɗanda ba za su mutu rana ɗaya ba. Ashe abin da 'yan poka suka gano da biro da takarda, tsohuwar hikima ce ta mai ƙaramin ƙarfi, cewa wanda ya ƙare yau ba ya nan ranar da kasuwa za ta yi kyau.

Amma fa kamannin ya tsaya nan. Abin da ya sa tsaron iri ya ke da amfani shi ne ƙasa tana mayar da fiye da abin da aka ba ta. Ƙwaya ɗaya ta gero ta kan zama zangarniya. Akuyar da aka saya a kasuwar ƙauye aka kai ta inda a ke bukata ta ƙara daraja, mai sayarwa ya ji daɗi, mai saye ya ji daɗi, dillali ya ci la'adarsa bisa aikin da ya yi. A teburin caca babu abin da ke tsirowa. Kuɗin da aka zuba su ne a ke rabawa, bayan mai gidan caca ya cire nasa.

A ɗauki misali. Mutum 100 sun shiga gasa, kowa ya biya naira 1,100. Naira 1,000 ta tafi asusun da za a raba, naira 100 ta tafi ga kamfani, don kimanin kashi ɗaya cikin goma a kan cire a ƙananan gasa. An zuba naira 110,000, za a raba 100,000. Ɗan wasa matsakaici, wanda bai fi kowa ba kuma ba a fi shi ba, duk gasar da ya buga yana barin naira 100 a baya, ko ya ji a jikinsa ko bai ji ba. In ya fara da naira 110,000, ya bi ƙa'idar kashi ɗari sau da ƙafa, to, kafin ya buga gasa 1,100 la'ada kaɗai ta cinye daidai da jarinsa. Ƙa'idar ta tsare shi daga faɗuwar dare ɗaya, ta miƙa shi ga ramar da ba a gani sai riga ta yi yawa. Tulun da ya tsage a gindi, ko da ludayi a ke ɗibar ruwansa, zai ƙafe.

Abin mamaki, lissafin da 'yan wasan su ke kafa hujja da shi ya faɗi haka da kansa. A 1956 wani masani a Amurka mai suna John Kelly, wanda ke aiki a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell, ya fitar da hanyar auna kashi nawa na dukiya ya kamata a sa cikin kasada. Hanyar ta nuna kashin yana girma gwargwadon rinjayen da mutum ya ke da shi. Inda ba shi da rinjaye, amsar da ta ke bayarwa ita ce sifiri, watau kada ya sa kome.

Mai kare wasan zai ce, ai poka ba kamar jefa kwabo sama ba ce, akwai gwaninta, kuma akwai waɗanda suka yi shekaru suna ci. Wannan gaskiya ne, ba a musu. Sai dai a duba daga ina cin nasu ya ke fitowa. Gwani ba ya samun naira ɗaya sai wani da bai kai shi ba ya rasa ta, tare da la'adar kamfani a kai. Don ɗaya ya ɗore, lalle ne da yawa su yi ta ramewa, kuma a ƙananan gasa waɗannan da yawa su ne ɗalibi da ɗan acaba da yaron shago. Gwanintar maƙeri ta kan bar wa gari fartanya, ta ɗan karta kuwa tana bukatar kullum a sami sabon wanda bai iya ba. Bayan haka, kusan kowane mai shiga yana ɗaukar kansa cikin gwanaye, kuma saboda yawan hawa da sauka na sa'a, sai an buga gasa da yawa ƙwarai kafin mutum ya iya sanin ko gwani ne ko kuwa rabo ne ya ratsa. Kuɗin makarantar sanin wannan amsa sun fi ƙarfin mai ƙaramin jari.

Har ila yau akwai maganar wurin ajiya. Rumbu a gidan mai shi ya ke, kuɗin ɗan wasa kuwa suna hannun kamfanin da bai taɓa ganin ƙofarsa ba. Ran 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan gidajen poka uku na intanet. Daga baya masu gabatar da ƙara suka ce ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, 'yan wasa suna binsa kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce kimanin miliyan 60 ba. An biya mutane daga bisani, amma waɗansu sai da suka jira shekaru. Mai kashi ɗari da mai kashi ɗaya duk rana guda aka kulle musu ƙofa. A gida kuma, a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, an kuma rufe kasuwannin mako. Kowa ya sha wuya, amma mai hatsi a rumbu ya ci tuwo, wanda dukiyarsa ke cikin waya kuwa sai kallon gilashi.

Saura maganar zuciya, wadda ta fi duka nauyi. Ƙa'idar tana neman mutum ya yi hasara sau goma a jere, da tsakar dare, shi kaɗai, sa'an nan ya sauka zuwa gasa mai araha cikin natsuwa. Wasan kuwa an tsara shi ne yadda sabuwar gasa ke buɗewa kowane lokaci, ba ranar kasuwa, ba tashin kasuwa, ba dattijon da zai ce ya isa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ba ya zuwa da ƙarfi ranar farko. Ya kan bari sai ranar da kuɗin haya suka matso, ya raɗa wa mutum cewa sau ɗaya tak zai karya ƙa'ida. Garin neman ƙiba a kan samo rama. Akwai kuma hasarar da ba ta shiga littafin lissafi, watau daren da aka raba ba barci, da safiyar da aka makara aiki, da ɓoye-ɓoyen da ya kan shiga tsakanin ɗa da mahaifi.

Addini bai jahilci cewa a kan sami wani abu a caca ba. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta ambaci amfanin da ke cikinta, ta kuma hukunta cewa laifinta ya rinjayi amfanin, sa'an nan ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka hana ta, suka bayyana gaba da shagala da ta ke haifarwa. Malamai ba su haramta kasada ba, gama fatauci duk kasada ne. Abin da suka rarrabe shi ne kasadar da ke biye da aiki mai amfani, da kasadar da a ke ƙirƙira don kuɗin wani su koma aljihun wani ba da musayar kome ba. Zamfara kuwa, da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba 1999, ta sa caca cikin abubuwan da ta hana.

Amsar tambayar ke nan: tattali ba ya mayar da caca kasuwanci. Haƙuri da auna abu kyawawan barori ne, amma bara ba ya gyara halin ubangidansa, sai dai ya tsawaita masa kwana. Duk da haka ba daidai ba ne a raina saurayin da ya iya riƙe wannan ƙa'ida. Wanda ya iya ware kuɗi bai taɓa su ba, ya rubuta shiga da fita, ya jure hasara bai yi fushi ba, ya riga ya mallaki abin da ubangida ke nema ga yaron da zai danƙa wa shago. Irin wannan hali shi ne ya tsayar da waɗanda suka fara da suloli a bakin tashar Ƙaura. Naira 110,000 ɗin nan, in an kasa su bisa wannan ƙa'ida a kan wake da gyaɗa lokacin kaka, ko a kan 'yan awaki, ba su da tabbacin riba, don kasuwa ma ta kan juya baya, hanya kuma ba kullum ta ke da lafiya ba. Amma an zuba su inda abu ya kan tsiro, kuma in an ci riba ba wanda ya kwana da baƙin ciki saboda ita. Iri mai kyau ne a hannun irin wannan saurayi, abin da ya rage masa shi ne ya dubi ƙasar da zai zuba shi.