Neman Haihuwa Bayan Shekara 40: Jiran Allah Ne Ko Ɓata Lokaci?

Kwanakin baya, bayan an tashi daga sujadar Hausa, wata 'yar'uwa daga Zumuntar Mata ta dakata har jama'a suka watse, sa'an nan ta matso ta gaishe ni. Shekarunta 42. Ta yi aure tana da 38, gama ita ce babba a gidansu, ita ce kuma ta ɗauki nauyin karatun ƙannenta har suka gama. Shekara huɗu ke nan tana ɗakin miji, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta ce mini, "Baba, ina da tambaya, amma don Allah kada ka ba ni amsar da kowa yake ba ni. Duk wanda na kai wa kukana sai ya ce in yi haƙuri, Saratu ma sai da ta kai shekara 90 ta haihu. In na tafi asibiti, na raina ikon Allah ne? In kuwa na zauna ina jira, bangaskiya ce ko wauta?"

Na ce mata, "'Yata, ki je asibiti cikin wannan mako, ki kuma tafi tare da maigidanki." Amma tambayarta ta bi ni har gida. Na tabbata akwai irinta da yawa a kujerun majami'unmu, masu rera waƙa da murmushi ran bikin suna na 'ya'yan wasu, su koma gida su jiƙa matashi da hawaye. Saboda su nake wannan rubutu, da kuma saboda mu masu yi musu ta'aziyya, domin ina ganin sau da yawa ta'aziyyarmu takan cuce su ba da saninmu ba.

Abin da Mahalicci ya shimfiɗa cikin jiki

Bari mu fara da gaskiyar halitta, tun da Allah ne ya tsara ta. Ana haifar 'ya mace da dukan ƙwayayen haihuwar da za ta mallaka a rayuwarta, wajen miliyan ɗaya zuwa biyu. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kimanin dubu 300 ko 400, daga nan kuma raguwa suke yi kowane wata, ba a ƙara ko ɗaya. Al'ada takan ɗauke wa yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55, amma ƙarfin ɗaukar ciki yakan yi ƙasa shekaru da dama kafin wannan lokaci. Likitocin mata sun ƙiyasta cewa mace mai lafiya 'yar shekara 30 tana da damar ɗaukar ciki kusan kashi 20 cikin 100 a kowane wata. In ta kai 40, damar takan sauko zuwa tsakanin kashi 5 da 10. Ingancin ƙwayayen ma yakan ragu, shi ya sa tsakanin shekara 40 da 44 wajen ciki ɗaya cikin uku, ko fiye, yakan ƙare da ɓari. Hawan jini da ciwon sukari na masu ciki su ma sun fi yawa a waɗannan shekaru.

Wani zai ce, ai iyayenmu mata sun haifi autansu suna da 43 ko 44. Gaskiya ne, har yau ma mata da yawa suna ɗaukar ciki a farkon shekarun arba'in ba tare da wani magani ba, su sauka lafiya. Ƙofa ba ta rufe ba. Sai dai mu tuna, waɗanda suka haihu muke gani muna ƙirgawa. Waɗanda suka jira har al'ada ta ɗauke, ba wanda yake ba da labarinsu a taron shaida. Saboda haka shawarar likitoci a fili take: mace 'yar ƙasa da 35 ta nemi bincike bayan shekara guda ba ciki, wadda ta kai 35 bayan wata shida, wadda ta haura 40 kuwa kada ta jira ko kaɗan. Ga macen da take da 25, shekara biyu na jira ba wani abu ba ne. Ga mai 42, shekara biyu suna iya zama dukan abin da ya rage mata.

Saratu alama ce, ba ma'auni ba

To, ina batun Saratu? Littafin Farawa bai ɓoye kome ba. Ya faɗa a sarari cewa al'adar mata ta riga ta ɗauke mata, ita kanta kuma dariya ta yi da ta ji zancen. An rubuta labarin ne domin mu gane haihuwar Ishaku ba ta bi hanyar da aka saba ba. Allah ya yi wa Ibrahim alkawari na musamman, da sunansa, saboda zuriyar da Mai Ceto zai fito daga cikinta. Haka yake ga Alisabatu, wadda ta haifi Yohanna Mai Baftisma cikin tsufanta domin ya shirya wa Ubangiji hanya. Mu'ujiza ce, kuma abin da ya sa ake kiranta mu'ujiza shi ne ba kullum take faruwa ba.

Allah yana da iko ya sake yin haka a yau, ba mai bi da zai yi musun wannan. Amma iko dabam, alkawari dabam. Ba inda Littafi Mai Tsarki ya ce kowace mace mai bangaskiya za ta rungumi ɗan cikinta. Sa'ad da muka ce wa 'yar'uwa ta zauna kawai domin Saratu ta haihu da 90, mun sa wa Allah magana a baki, mun ɗauki alkawarin da ya yi wa mutum ɗaya mun rarraba wa kowa. In shekaru suka wuce ba ɗa, me za ta ɗauka? Ko dai Allah ya saɓa alkawari, ko kuwa bangaskiyarta ce ta kasa. Dukansu biyu ƙarya ne, kuma mu muka shuka su a zuciyarta. Bishara ta Luka ta shaida cewa Zakariya da Alisabatu masu adalci ne a gaban Allah tun suna zaune ba ɗa, shekara da shekaru. Rashin haihuwarsu ba hukunci ba ne. A Yohanna sura 9 ma, da almajirai suka nemi sanin zunubin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya kawar da wannan tunani gaba ɗaya.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Amma ko mai dafa dutse sai ya hura wuta. Haƙurin da Nassi yake yabo shi ne na manomi, wanda ya yi shuka a kan kari sa'an nan ya zuba wa sama ido. Manomin da ya bar damina ta wuce iri yana cikin rumbu, yana cewa Allah mai iko ne ya ba shi hatsi da rani, wannan gwada Allah yake yi. Irin wannan gwaji ne Shaiɗan ya kawo wa Ubangijinmu a kan ƙololuwar Haikali, ya kuwa ƙi.

Asibiti ba abokin gāban addu'a ba ne

Sa'ad da sarki Hezekiya ya yi ciwon ajali, ya yi addu'a, Allah ya ji, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Luka, wanda ya rubuta mana labarin Alisabatu, likita ne. Masu bishara da suka shigo ƙasarmu sun kafa majami'a da ɗakin magani a fili guda, asibitocin Vom da Garkida shaida ne. Kakanninmu cikin bangaskiya ba su ga saɓani a nan ba.

Wani abin ma ilimi kawai yake bukata. Kwanakin da mace take iya ɗaukar ciki a wata ba su wuce shida ba: ranar da ƙwai ya fito da kwana biyar kafinta, gama ƙwan ba ya wuce kwana ɗaya da rai, maniyyi kuwa yana iya kai kwana biyar. Ƙwan yakan fito wajen kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Ma'aurata nawa ne a cikinmu aiki ya raba, miji yana Legas ko Fatakwal, mata tana gida, sai ƙarshen wata ake haɗuwa? Suna azumi suna kuka, alhali abin da ya hana su lissafin kwana ne. Akwai kuma abubuwan da likita kaɗai zai gano: ƙari a mahaifa, wanda ya yi yawa a tsakanin matan Afirka, ko toshewar hanyoyin ƙwai sakamakon tsohon ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba. Mai neman ciki kuma ana so ta fara shan ƙwayar folik asid tun kafin ya shiga, ta kuma san matsayin jininta da sukarinta.

A nan dole in yi magana da 'yan'uwana maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata. Likitoci kuma sun tabbatar cewa a wajen rabin ma'auratan da suke fama da wannan, akwai matsala ta wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. Gwajin maniyyi yana cikin gwaje-gwaje mafi sauƙi da araha. Duk da haka mace ce take yawon asibiti ita kaɗai, ita take shan jiƙe-jiƙe, ita dangin miji suke kira juya, maigida kuwa yana zaune ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mijin da ya bar matarsa ta ɗauki kunyar da mai yiwuwa tasa ce, ya ƙi gwajin yini guda saboda girman kai, ya yi mata zalunci, kuma zai ba da lissafi. Ishaku ya yi shekara 20 da Rifkatu ba haihuwa, daga yana da 40 har ya kai 60. Bai ƙara aure ba, bai kore ta ba, roƙon Allah ya yi ta yi dominta.

Hanyoyin da matsuwa take kai mutum

Akwai ramin da yake ɗaya gefen, wato a ce ko ta halin ƙaƙa sai an samu. Saratu da kanta ta faɗa cikinsa sa'ad da ta ba Ibrahim baiwarta Hajaratu, gidan kuwa bai ƙara sanin salama ba. Yau ma akwai dattawan da suke raɗa wa ɗansu ya nemi wata a waje, tun da matarsa ta fara tsufa. Akwai masu kiran kansu annabawa da suke sayar da mai da ruwa, suna sa wa mace ranar da za ta ɗauki ciki in ta ba da kuɗi kaza. A watan Nuwamba na 2024, binciken sashen BBC Africa Eye ya tona asirin wasu wuraren magani na bogi a Jihar Anambra, inda ake ɗura wa mata magunguna cikinsu ya kumbura, a ce musu suna ɗauke da cikin da na'ura ba ta iya gani, a yi ta karɓar kuɗinsu, daga bisani a miƙa musu jariran da aka raba da iyayensu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Gorinmu da matsinmu su ne suke tsaga bangon.

Hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, wadda aka fara haihuwa ta wurinta a Ingila a 1978, tana samuwa a manyan biranenmu. Tana da tsada ƙwarai, nasararta ma takan ragu sosai bayan shekara 40 in da ƙwan matar za a yi. Tana kuma tattare da tambayoyi na lamiri game da 'yan tayin da suka rage, waɗanda ya kamata ma'aurata su zauna da fastonsu da likita mai tsoron Allah su auna kafin su sa hannu.

In kuma ɗan bai zo ba fa?

Wannan ce tambayar da muke gudu, ita ce kuwa ta fi bukatar amsa. Ana iya yin dukan abin da ya kamata, a kan lokaci, da addu'a da magani, ɗa kuma bai zo ba. Al'adarmu ta ce haihuwa maganin mutuwa. Mu masu bi mun san maganin mutuwa ɗaya ne, shi ne tashin Almasihu daga matattu. Sunanmu ba ya dogara ga wanda zai gaji gonarmu. A Ishaya sura 56 Allah ya yi wa waɗanda ba su da zuriya, masu riƙe da alkawarinsa, albishir na suna a cikin gidansa wanda ya fi na 'ya'ya. Ranar da aka ɗaura aure a gaban bagade, miji da mata sun zama jiki ɗaya, auren ya cika tun ran nan. 'Ya'ya kyauta ce da ake ƙarawa a kai, mai kyauta kuwa ba a bin sa bashi.

Wannan ba ya nufin a hana mace kuka. Hannatu ta yi kuka a Shilo har Eli firist ya zaci ta bugu, Allah kuwa bai tsauta mata ba. Abin da ake bukata daga ikilisiya shi ne ta zauna tare da mai kukan, ta daina tambayarta kowace Lahadi ko akwai labari, ta daina auna darajar mace da goyon da yake bayanta. Mu kuma tuna da marayun da rikice-rikicen ƙasarmu suka bari birjik. Mordekai ne ya goyi Esta, 'yar ɗan'uwan mahaifinsa, ta hannunta kuma Allah ya ceci al'umma. Gidan da ya karɓi maraya ta hanyar da doka ta tanada, gidan iyaye ne na gaske.

Ga 'yar'uwata mai tambaya, da dukan masu irin nauyinta, amsata ke nan. Ki je asibiti yanzu, ke da maigidanki, wannan ba raina Allah ba ne. Ki ci gaba da roƙo da dukan zuciyarki, gama yana ji. Amma kada ki ɗaura bangaskiyarki ga amsa guda. Abokan Daniyel uku sun gaya wa sarki cewa Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderu, ko bai cece su ba kuma, ba za su yi wa gunki sujada ba. Ubangiji ya ba ki irin wannan zuciya, mu kuma ya ba mu bakin da zai faɗi gaskiya cikin ƙauna tun lokaci bai ƙure ba. Amin.