Wa Ya Cinye Kifin Kogin Kolombiya?

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin mutane, manya da yara: in abu ya yi ƙaranci, sai a ce jama'a ce ta yi yawa. Itace ya yi tsada, jama'a ta yi yawa. Gona ta gaji, jama'a ta yi yawa. Maganar tana da daɗin faɗi, domin ba ta kama sunan kowa ba, kowa ya faɗe ta sai ya kwana lafiya. To, ya ku 'yan makaranta, yau ina so mu aza wannan magana bisa sikeli, mu gwada ta da labarin wani kifi na ƙasashen sanyi wanda Turawa ke kira samon, mu ga ko gaskiyarta cikakkiya ce ko kuwa rabi.

Kifin nan halinsa abin mamaki ne. Uwarsa takan haƙa ɗan gurbi da wutsiyarta cikin tsakuwar wani rafi mai sanyi can cikin duwatsu, ta zuba ƙwai, ta rufe. In 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sun yi ƙwari, sai su bi ruwa su gangara teku, wani ya yi shekara 2 a can, wani 4, yana ci yana ƙiba. Ran da lokacinsa ya yi, sai ya juyo ya nemi bakin kogin da ya fito, ya daina cin abinci, ya yi ta hawan ruwa yana tsallake duwatsu, har ya kai rafin da aka haife shi. Masana sun gano ƙanshin ruwan ya ke bi. Irin na tekun Pasifik, da ya zubar da ƙwai sai ya mutu a nan, gawarsa ta ciyar da tsuntsaye da namun daji da itatuwan gaɓa. Watau shi dai wannan kifi kogi duka ya ke bukata, tun daga kai har bakin teku. In an ɓata wuri ɗaya tak, an ɓata masa tafiyar duka.

A arewa maso yammacin Amurka akwai wani babban kogi, Kolombiya. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, kifi miliyan 10 zuwa 16 ke hawansa kowace shekara. Mutanen ƙasar na asali, irin su Yakama da Umatilla da Nez Perce, sun yi shekaru dubbai suna ci daga gare shi. A wani magangarin ruwa da a ke kira Celilo suka yi babban masuntansu da kasuwarsu. Suna da wata al'ada da ta isa a tsaya a duba: in kifin farko na shekara ya zo, ba mai rugawa da koma. Sai a kama, a yi masa biki, a raba wa jama'a, a girmama shi kamar baƙo, kana a buɗe su. Kuma akwai shugaban masunta mai ikon cewa yau a dakata, kamar yadda Sarkin Ruwa a wurinmu kan hana shiga gurbi sai ranar su. Duk sa'ad da su ke dakatawa, kifi na wucewa sama, yana kai ga wurin zuba ƙwai.

A shekarar 1866 aka kafa ma'aikata ta farko ta sa kifi cikin gwangwani a bakin kogin. Kafin wannan, iyakar abin da mutum zai kama shi ne abin da zai ci, ya busar, ya yi musaya da shi. Gwangwani ya kawar da wannan iyaka, gama kifin da aka rufe a ciki yana iya hawa jirgin ruwa ya tafi Ingila bai ruɓe ba. Aka cika bakin kogin da taruna, aka kafa waɗansu manyan ƙafafun keke masu kwanduna, ruwa na juya su dare da rana suna kwaso kifi, mai su yana barci. A 1883 kaɗai an kama fiye da laba miliyan 40 na babban irin nan da a ke kira cinuk. Ba a sake kai wannan adadi ba har yau.

To, ga inda maganar yawan jama'a ta fara rawa. Ƙidayar 1880 ta sami wajen mutum 250,000 ne kurum a Oregon da Washinton, ƙasashen nan biyu da kogin ya ratsa. Da cikinsu kaɗai za a cika, da ko alama ba a ga giɓi ba. Ashe cikin mutum yana da iyaka, aljihunsa ne ba shi da ita.

Sai dai kada ku yi saurin zagin masuntan nan. Ku sa kanku cikin kwalekwalen ɗayansu. Yana gani kifi na raguwa, ba makaho ba ne. Amma yakan ce a ransa, in na bar wannan ya wuce, wancan da ke bayana zai kama shi, ni na yi hasara, kifin kuma bai tsira ba. Kowa ya yi wannan lissafi, kuma lissafin kowa daidai ne, amma da aka tara su sai suka zama wauta. Manomi, kome yunwa, yakan ɓoye iri cikin rumbu, domin ya san shi zai shuka, shi zai girbe. Irin kogi kuwa ba shi da rumbu, ba shi da mai shi. Wani masani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya yi rubutu mai suna a kan wannan a 1968, ya nuna yadda abin da kowa ke ɗiba ba mai tsaro ya ke ƙarewa. Wata masaniya kuma, Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a 2009, ta nuna cewa ba dole ba ne a ƙare haka, in jama'ar wurin suna da ƙa'ida tasu da mai tsare ta. Mutanen Celilo ba su karanta ko ɗaya ba, amma sun riga su sani.

Doka ma ita kaɗai ba ta isa ba. Tun 1285 aka kafa doka a Ingila ta hana kama samon lokacin zuba ƙwai, duk da haka ƙazantar Landan da madatsai suka kore shi daga kogin birnin a farkon ƙarni na 19. Holanda da Jamus da Suwizalan sun ƙulla yarjejeniya a 1885 don kifin kogin Rhine, amma kafin 1960 ya ƙare ƙaf.

Yanzu bari mu ba ɗaya ɓangaren hakkinsa, don kada mu zama alƙalin da ya ji bakin mutum ɗaya ya yanke shari'a. Taru ya raunana kifin Kolombiya, amma madatsun ruwa ne suka karya shi. A 1942 aka gama wata ƙatuwar madatsa, Grand Coulee, tsayinta ƙafa 550, ba a kuwa yi mata matakalar da kifi zai hau ba. Ta rufe masa fiye da mil 1,000 na ruwan da ya ke zuba ƙwai. A 1940, da ruwa ya fara tasowa, kabilun yankin suka taru a magangarin Kettle suka yi zaman makoki, kamar an yi musu mutuwa. A 1957 wata madatsar ta shanye Celilo cikin 'yan sa'o'i. Me ya sa aka yi haka? Don lantarki, da noman rani, da hanyar jiragen ruwa. Lantarkin Grand Coulee ya narka ƙarfen da aka ƙera jiragen sama da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, ruwanta ya mai da busasshiyar ƙasa gonaki. Ƙidayar 2020 ta sami wajen mutum miliyan 12 a Oregon da Washinton. Duniya kanta da ta ke da mutum biliyan 2 da rabi a 1950, ta kai biliyan 8 a 2022. Wannan ba tatsuniya ba ce. Yaron da ke karatu da dare ƙarƙashin fitilar lantarki a can bai taɓa jefa ƙugiya ba, amma fitilarsa ta ci kifi. Za mu ce masa ɓarawo? Ni dai ba zan iya ba.

A nan ne tambayar ta yi nauyi. Abin da na ke gani shi ne, yawan jama'a yakan ƙara wa kowane hali ƙarfi, mai kyau da mugu, amma ba shi ke zaɓen halin ba. Mutane ne suka zauna suka ce madatsar nan a yi mata matakala, waccan kuwa kuɗin ya yi yawa, a bari. Waɗanda suka sha romon kuma dabam, waɗanda suka biya dabam. Kabilun nan suna riƙe da takardar alkawarin 1855 wadda gwamnatin Amurka ta tabbatar musu da hakkin su a wurarensu na gado. Takardar tana nan, wuraren suna ƙarƙashin ruwa. Akwai kuma wani mai hakki da ba a kira shi majalisa ba, watau wanda ba a haifa ba tukuna. Ba ya iya kai ƙara, ba ya iya jefa ƙuri'a, abin da aka rage masa shi zai tarar, ya zaci ko da can haka kogin ya ke. A 1992, cikin jan samon da ke tafiyar mil 900 daga teku zuwa tafkin Redfish a Idaho, ɗaya tak ya iso. Namiji ne, bai tarar da ta mace ba.

Dubi Alaska kuma. A 1950 mutanenta ba su kai 130,000 ba, amma kamfanonin waje suka kafa manyan tarkuna a bakin koguna har kifi ya ragu ƙwarai, a 1953 gwamnati ta ce masifa ta auku a waɗansu yankunan masunta. Da Alaska ta zama jiha a 1959, sai aka hana tarkunan, aka tsai da wata ƙa'ida mai sauƙi: rabon kogi shi ne na farko. A kan kafa mutane bisa hasumiya a bakin ruwa suna ƙirga kifin da ke wucewa, ba a sakar wa masunta mara sai an ga alamar iri zai isa. A 2022 jan samon wajen miliyan 79 ya komo mashigin Bristol, adadin da ba a taɓa ƙirga irinsa ba. Mai gardama zai ce, ai can ba mutane da yawa, ba madatsai. Gaskiya ne, na yarda. Zai kuma ƙara da cewa a cikin Alaskan nan dai, a kogin Yukon, kifi ya ragu har a 2021 aka hana mutanen ƙauye kama na ci, ɗumamar ruwa kuwa tana cikin dalilan, wadda hayaƙin duniya duka ya jawo. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya nuna hannun mutum yanzu ya yi tsawon da ya ke taɓa kogin da ƙafarsa ba ta taka ba.

Waɗansu suka ce, to, a yi kiwonsa mana kamar kaji. A Norwe aka fara wannan wajen 1970, cikin manyan kejin taru a teku, har ya zama yawancin samon da a ke ci a duniya na kiwo ne. Dabara ce, ba a musu. Amma shi kifi ne mai cin kifi, sai an haɗa abincinsa da gari da man ƙananan kifaye. A gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya an kafa ma'aikatun da ke niƙa irin ƙananan kifin da matan wurin ke bandawa su sayar wa talakawa, wani kaso na man yana tafiya Turai ya shiga abincin kifin kiwo. Wadda aka ɗauke wa kifin miya a Senegal, in aka ce mata jama'a ce ta yi yawa, tana da ikon ta tambaya, jama'ar ina?

A kogin Klamath, kudu da Kolombiya, kifi fiye da 30,000 ya mutu a 2002, shekarar da aka karkatar da ruwa mai yawa zuwa gonaki. Kabilun Yurok da Karuk da 'yan'uwansu suka yi shekara 20 suna fafutuka, har aka rushe madatsai 4, aka gama a 2024. A watan Oktoba na shekarar nan aka ga samon ya haura zuwa rafukan Oregon inda rabonsa da zuwa ya fi shekara 100. Sai dai lantarkin waɗannan madatsai kaɗan ne, rushe su bai kashe fitilar kowa ba. Grand Coulee kuwa tana nan tsaye, kifi bai wuce ta da kansa ba har yanzu.