Kafin Ka Kira Ɗanka Daƙiƙi

'Ya'yana, iyayen yara na unguwar Bulabulin ta Maiduguri, ku ba ni aron hankalinku. Mun saba da zarar jikin yaro ya yi sanyi mu ce an rabu da zazzabi. Alhali zazzabin cizon sauro yakan bar tabo a inda ido ba ya kaiwa, wato a ƙwaƙwalwa.

Ƙwayar cutar da ta fi yawa a ƙasarmu cikin jini take zama. Wasu jajayen ƙwayoyin jinin ta farfasa su, sai jini ya ragu, yaro ya ɗashe, ya riƙa gyangyaɗi a aji. Wasu kuma ta sa su maƙale a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, su tare hanya. A nan ne yaro ke fara jijjiga, ido ya kafe, ya suma. Binciken da aka yi a Kamfala ta ƙasar Yuganda ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da suka tsira daga irin wannan zazzabi suna nan da raunin fahimta har bayan shekara biyu. A Malawi an ga wasunsu sun kamu da farfaɗiya, wasu sun koma masu faɗa da rashin zama wuri ɗaya. Ko zazzabin da bai kai ga suma ba, idan yana yawan dawowa, yana cinye kwanakin makaranta, ya ja yaro baya a karatu da lissafi.

Don haka idan ɗanka da yake wanke allo da wuri ya tashi daga jinya ya koma mantuwa, ko 'yarka mai natsuwa ta koma rigima, kada ka ɗauki bulala. Ba taurin kai ba ne. Ka sanar da malaminsa na allo da na boko irin ciwon da ya yi, a rage masa nauyin hadda, a yawaita masa maimaici. A kai shi asibiti a duba jininsa, da jinsa, da ganinsa. Yaron da ake kira daƙiƙi kullum, wata rana zai yarda shi ne.

Ku dubi inda muke zaune. Kogin Ngadda na kusa, kwatoci a toshe, kuma ba mu manta ruwan da ya kwanta a unguwanni bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ba. Duk ruwan da ya kwanta, sauro ya samu wurin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta fi kashewa.

Ga abin da nake roƙonku. Gidan sauron da aka raba, a ɗaura shi kan shimfiɗar yara kowane dare, ko da ana zafi. Idan masu rabon maganin rigakafi na damina suka yi sallama, a karɓa, a ba yaro na kwana ukun nan cif, kowane wata. Jiki ya yi zafi, kada a kwana ana farasitamol na kemis. A yi gwajin jini a ranar, a shanye magani ko da yaro ya tashi yana wasa. Idan kuwa ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko barcinsa ya yi nauyi, kada a tsaya turare da ɗure. A yi addu'a a cikin Keke Napep, ana kan hanyar Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Ke 'yata, kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa. Kai kuma ɗana, ka ba ta wannan izini tun yau, ka ajiye mata kuɗin mota. Hankalin yaran nan amana ce da za a tambaye mu. Allah Ya ba mu ikon sauke ta.